Sharhi kan mai zanen da ya yi mana gida mai garka a wajen Mirya, kusa da Damagaram

Masu tambayata yadda aikin saurayin nan mai zanen gidaje yake, to ga abin da na gani bayan mun ci bazara da damana a gidan.

Abin da na ce masa tun farko, ina son gidan zamani amma garka ta zauna a tsakiya katanga ta zagaye ta, irin tsofaffin gidajen Maroko, kuma wallahi ya gane nufina. Ya yi mana zaure a gaba har da zanko irin na gidajen tsohuwar unguwar Birni ta Damagaram, ɗakuna duk suna kallon ciki, bangon yamma kuwa ya ba shi kauri bai sa masa taga ko ɗaya ba saboda ranar la'asar, kuma da bulon ƙasa da ake matsewa da inji aka gina, siminti ɗan kaɗan ne a ciki. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 kun dai san yadda ɗakin kwano yake a Damagaram, nan kuwa Hajiya tana kishingiɗa a ɗaki bayan azahar babu fanka, abin da ya fi faranta min rai ke nan gaskiya. Katangar ma ba ado ba ce kawai, tana tare iskar hunturu da ƙura, lemun tsami da gwaba da zogale sun tashi lafiya lau, awakin maƙwabta sai dai su tsaya a waje.

Inda ya gaza shi ne ruwa. Ya zana wani kwarmin ruwa a buɗe tsakiyar garkar, a takarda kam gwanin kyau, amma kowa ya san wahalar ruwa a yankin nan, rana ta shanye shi da bazara, da damana kuma sauro ya samu wurin haihuwa. Dole muka rufe shi muka juya indararo duka zuwa tanki. Itacen bedi ma mai zanen ya so a dasa jikin bango, tsohon magininmu ne ya ce a'a, saiwa za ta tsaga ginin.

Kuɗi sun ɗan wuce lissafin farko, galibi wajen katanga. Duk da haka zan sake ba shi aiki ba shakka, sai dai in za ku ɗauke shi ku kai shi filin da kanku ya leƙa rijiyar kafin ya ja layi ko ɗaya, kuma ku haɗa shi da maginin gargajiya tun ranar farko.