Rigar Weah da na saya wa Baba

Jika 12 na biya har da kuɗin mota daga Kano, kuma sai da na yi sati 3 ina zarya tasha kafin ta iso Damagaram. Mai kayan, ɗaya daga cikin masu tallan nan na WhatsApp, ya rantse mini irin ta 1995 ce sak: ja da baƙi ta AC Milan, WEAH a baya, lamba 9. Baba na saya wa. Shi a wurinsa daga George Weah an rufe ƙofa. Tun muna yara muke shan labarin ƙwallon da ya ci Verona a 1996, wadda ya ɗauko tun daga gidansu ya keta fili shi kaɗai har raga.

Ina yage leda a tasha sai ga 14 ɓaro-ɓaro. Na kira mutumin raina a ɓace, wai in yi haƙuri ita ta rage, kuma ai lamba ba ta buga ƙwallo. Ji wata magana! Na hau kabu-kabu zuwa Birni da niyyar gobe in mayar masa da abarsa.

Baba ya karɓa, ya juya bayanta, ya ƙura mata ido, sai ya fashe da dariya. "Kai yaro, kai ne ba ka san kan zance ba." Ashe 14 ce lambarsa a Laberiya, kuma a Milan ma ya sa ta a 1997, lokacin da Kluivert ya zo ya karɓe 9. Ya tuna mini wasan Satumba 2018 a Monrovia, inda Weah yana shugaban ƙasa, da shekara 51, ya shiga fili da Najeriya don a jingine lambar. An ci Laberiya 2 da 1. Kunya ta kama ni, har na so in kira mai kaya in ba shi haƙuri.

Ranar shayi ya huce ba a sha ba. Baba ya ce Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo, ta 1995, wadda har yau ba ɗan wata ƙasar Afirka da ya sake ɗauka, ba ita ce ta sa yake ganin girmansa ba. Mutumin da ƙasarsa na cikin yaƙi yana ciro kuɗi daga aljihunsa yana ɗaukar nauyin 'yan wasa, yana bugawa yana kuma jan ragamar ƙungiyar, maki 1 tak Najeriya ta fi su a neman zuwa kofin duniya na 2002. Ga 2023, da Joseph Boakai ya kayar da shi a zaɓe, ya kira ya taya shi murna. Ni dai na ce Baba, da mulkin nasa na shekara 6 ya yi daɗi ai da ba su kayar da shi ba. Ya harare ni, na ja bakina.

To, sai wanki. Wanki ɗaya fa, da hannu, da ruwan garuwa mai tsadar nan. Jan ya zuba ya ɓata farin mayafin Inna da aka jiƙa tare, har yau ba ta daina mita ba. Lamba 1 ta ɓare ta bar 4, W ɗin ma ya fara ɗagowa. Yadin kuwa roba ce zalla, a zafin garin nan kamar ka shiga buhu. Jika 12 a wannan? Na tura wa mai kayan hoto, ya gani, bai amsa ba, ga kuma sabbin riguna yana ta ɗorawa.

Baba ya sa tela ya ɗinke W ɗin da zare. Da ita yake zama ƙofar gida bayan la'asar, duk wanda ya tambayi 4 ɗin nan kuwa ya jawo wa kansa zancen awa guda.