ChirpStack ko The Things Stack: wanne ya dace da na'urorin gona?

Ɗan'uwa, ka ce kana da na'urorin auna danshin ƙasa da na auna ruwan tanki da za ka warwatsa cikin gonakin rani, duka masu aiki da LoRaWAN, wato tsarin rediyo mai kai ƙananan saƙonni nesa ba tare da cin batir sosai ba, ga getwe ɗaya da ka saya, kana tambaya ko ka jona su da The Things Stack ko ka girka ChirpStack. Shawarata ita ce ka yi gwaji da na farko, amma aikin gaske ka ɗora shi kan na biyu.

Aikinsu ɗaya ne: dukkansu manhajojin sabar ne, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin na'urori. Na'ura ta aika ɗan saƙo ta rediyo, getwe ya kama ya miƙa wa sabar, sabar ta tantance na'urar, ta zubar da maimaici idan getwe biyu suka ji saƙo ɗaya, ta warware sirrin saƙon, sannan ta fitar da shi ta MQTT ko HTTP, hanyoyin miƙa bayanai ga wata manhaja. Inda suka raba hanya shi ne wurin da sabar take da kuma wanda ke kula da ita.

The Things Network, ƙungiyar da The Things Stack ta samo asali daga gare ta, ta faro ne a Amsterdam a 2015, kuma sabar The Things Stack da take bai wa jama'a kyauta, wadda yanzu ake kira Sandbox, a kan intanet take, a Turai da Amurka da Ostireliya. Ba abin da za ka girka. Ka yi rajista, ka shigar da lambar getwe, ka zaɓi tsarin mita na EU868 da ake amfani da shi a Najeriya, ka zuba DevEUI da JoinEUI da AppKey, wato lambobin shaida da makullin sirri na kowace na'ura, sai ka ga saƙonni suna sauka a allo. Ga mai koyo babu kamarta, don in na'ura ta ƙi shiga ka san ba daga sabar matsalar take ba.

Sai dai zaman haya ne, dokar mai gida za ka bi. Kowace na'ura daƙiƙa 30 kacal aka ba ta na magana a iska a rana, da saƙo 10 na amsa daga sabar. Mu yi lissafi da gonarka. Na'urar da ke kusa da getwe tana aiki da SF7, matakin aikawa mai sauri, saƙo mai bayit 10 bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, ko da ta aika duk minti 15, wato sau 96 a rana, tana cikin ƙa'ida. Amma wadda ke can ƙarshen fadama, bayan itatuwa, za ta koma SF12, mataki mai jinkiri amma mai kai nesa, saƙon nan dai ya ci kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Sau 20 a rana ke nan, kason ya ƙare. In kuma kana so ka riƙa kunna famfo daga nesa, saƙo 10 ba ya kai ko'ina.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne intanet. Getwe na yau da kullum ba ya ajiye saƙo. In data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, abin da na'urorin suka aika a lokacin ya tafi ke nan. Wanda ya san yadda sabis yake a ƙauye ya san ramin da hakan zai bari a bayanansa, kuma ba mamaki ya faɗa a makon da ake tsananin buƙatar sanin ko ƙasa ta bushe.

A nan ne ChirpStack ta yi zarra. Manhaja ce ta kyauta da Orne Brocaar ya rubuta, da sunanta LoRa Server kafin a sauya a 2019. Tun fitowar siga ta 4 a 2022 aka haɗe ɓangarorinta wuri guda, girkawa ta yi sauƙi. Tana buƙatar PostgreSQL da Redis, masu riƙe bayanai, da Mosquitto mai rarraba saƙon MQTT, amma da manhajar Docker Compose umarni ɗaya ke tayar da su duka. Ka buɗe ƙofa (port) ta 8080 a burauza, ka shiga da admin da admin, ka sauya kalmar sirrin nan take kafin komai. Ka juya getwe ya riƙa turo saƙo ƙofa ta 1700. In getwe ɗinka a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi aka gina shi, akwai ChirpStack Gateway OS mai ɗauke da sabar a cikin getwe ɗin kansa, to ko babu intanet sam na'urorin za su shiga, saƙo ya sauka.

Kuɗinta ɗawainiya ce. Kai ne mai sabuntawa, kai ne mai kwafe rumbun bayanai, kai ne za a kira in ta tsaya. Wuta kuma ba abin wasa ba ce: yawan ɗaukewa yana lalata katin SD, don haka ka haɗa mata sola da batir mai kyau, in da hali ka koma SSD. Kada kuma ka bar Mosquitto a buɗe a ƙofa ta 1883 ba kalmar sirri.

Batun ajiya, dukkansu ba rumbu ba ne. Sandbox na riƙe saƙo na ɗan lokaci ne kawai, ChirpStack ma ba don tara tarihin shekara aka yi ta ba. Ko wanne ka ɗauka, ka tura bayanan zuwa rumbun InfluxDB ko PostgreSQL, ka zana su da manhajar Grafana. Dukkansu kuma suna son ɗan rubutun JavaScript mai fassara bayit zuwa lamba, yawanci kamfanin na'urar na bayar da shi.

Tun yau ka rubuta makullan kowace na'ura a wuri amintacce, ka shigar da na'urorin ta OTAA, wato hanyar da na'ura ke neman shiga da kanta da makullinta. Ranar ƙaura sai ka zuba makullan a ChirpStack, ka goge na'urorin daga Sandbox, ka juya getwe, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka kashe ka kunna don su sake shiga. Ka yi wannan kafin ka binne su a gona, tun suna kan teburinka.