Sulhu ko kotu: diyyar wanda ya ji rauni garin ceto

A Tahoua, wanda ya karye garin fiddo mutane daga motar da ta kife yana da hanya biyu. Sulhu gaban mai gari, wanda dokar Nijar ta ba ikon sasanta jama'a, ya fi sauri kuma ba ya ɓata zumunci. Sai dai kunya kan sa mai ceton ya karɓi kuɗin magani kawai, ko ya ce ya bar wa Allah. In ƙafar ta ƙi warkewa fa?

Kotu akwai jinkiri, ga neman takardar likita da rahoton jandarma. Amma tana duba kwanakin da bai yi aiki ba da nakasar da ta rage, kuma a haɗarin mota dokar CIMA, wato dokar inshora da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, na iya sa kamfanin inshora ya biya. Mai iyali, gara ya jure wa kotun.