Rezin ko gilas ayonoma: wanne ya fi rufe tsagar haƙori?

'Yar'uwa, tunda likita ya ba ki zaɓi tsakanin biyun nan, wato abubuwan da ake rufe tsagar haƙori da su don kada ya ruɓe, ki ce a liƙe wa ɗanki turamensa, wato haƙoran tauna na baya, da rezin (wata irin roba ce mai daskarewa), in dai sun gama fitowa.

'Yata tana da shekara 7 aka yi mata. Likitan ya nuna mini tsagar da ke saman turminta a ɗan madubinsa, siririya ce har silin buroshi ba ya kaiwa ƙasanta, can abinci ke maƙalewa ya fara cin haƙori. Ya wanke haƙorin, ya shafa masa wani asid na 'yan daƙiƙu don samansa ya yi kaushi, ya ɗauraye, ya busar har ya yi fari kamar alli. Sannan ya ɗiga rezin ɗin. Da yake ruwa-ruwa ne, sai ya gangara ya bi tsagogin, aka haska masa shuɗin haske ya daskare nan take. Ba allura, ba a fafe komai ba, ko kuka ba ta yi ba. Shekara 4 ke nan yana nan daram, duk zuwa dubiya sai na ji sanyi a raina.

Ki sani dai, in tsaga ta cika matsewa, ko rezin ba lallai ya kai can ƙarshenta ba. Abin da ake nema shi ne bakinta ya rufe ruf, ƙwayoyin cuta su rasa hanya. Kuma miyau ne babban maƙiyinsa, in ya taɓa wurin kafin a gama, ba zai kama ba.

Gilas ayonoma kuwa, wato wani irin simintin haƙori, ƙaninta aka sa wa, bai yi shekara ba ya ɓamɓare. Yana jure danshi, yana sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, don haka ya dace da haƙorin da dasashi bai gama sakinsa ba. Iyakarsa ke nan a wurina.

Don Allah ki guji masu tallar kayan liƙe haƙori a intanet suna cewa a gida ma za ki iya. Ƙarya ce. Haka duk wanda ya ɗauko roba zai ɗiga bai duba ko haƙorin ya riga ya yi kogo ba, bai kuma tare miyau da auduga ba, ki kama hannun ɗanki ku fita.

Turame na biyu suna fitowa wajen shekara 12, su ma ki kai a yi musu.