GIFSHIP a Kaduna: yadda inshorar lafiyar ta kasance mini da iyalina

Ga mai son amsa a taƙaice: tsarin GIFSHIP na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ya fanshe mini kuɗina, kuma zan sabunta. Sai dai duk wanda ya tambaye ni a kasuwa, abu ɗaya nake fara gaya masa. Kada ya tsaya kan sunan hukuma ko kamfani, ya fara neman asibitin da za a rubuta masa a kati. In asibitin na kirki ne ya huta. In ba haka ba, kati kawai ya ƙara wa aljihunsa.

Kayan famfo nake sayarwa a Panteka, ba ni da albashi, ba ni da ofishin da zai cire mini wani abu a ƙarshen wata. Gidana a Tudun Wada, mu shida ne: ni, uwargida, yara uku, da Hajiya mahaifiyata mai fama da hawan jini. Tun da aka ƙaddamar da tsohuwar NHIS a 2005, zamanin Obasanjo, mu 'yan kasuwa kallon abin muke yi daga nesa, don kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗai ke cin moriyarsa. A 2020 aka fito da GIFSHIP domin irinmu: mutum shi kaɗai, ko iyali, ko ƙungiya. A 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar NHIA, ta kuma ce inshorar lafiya ta zama dole a kan kowa. Dolen dai har yanzu a takarda take. A layinmu kaf, masu kati ba su cika yatsun hannu ba.

Hanyoyi uku ne a gaban mutumin Kaduna. Akwai KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta gwamnatin jiha, wadda aka kafa da doka a 2018 lokacin El-Rufai. Ta fi araha, kuma ƙarfinta yana kan ƙananan asibitocin unguwa, irin waɗanda jihar ta ce za ta tsayar ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255. Maƙwabcina mai gyaran babur da ita yake, matarsa ta yi awo ta haihu a kanta, bai kawo mini ƙorafi ba. Ta biyu ita ce GIFSHIP, kuma abin da ya kai ni gare ta tafiya ce. Ina zuwa Kano da Legas sarin kaya, kuma tsarin tarayya yana da asibitocin da ya amince da su a kowace jiha, in larurar gaggawa ta kama mutum a hanya.

Ta uku ita ce kamfanoni masu zaman kansu. Wani yaro mai ladabi ya same ni a shago da takardu masu sheƙi, hoton likita yana murmushi, ya jero mini asibitocin kuɗi na GRA. Na ce ya bar mini takardar. Da dare ɗana babba ya karanta mini ƙananan rubutun da ke ƙasa. Haihuwa sai an shekara ana biya. Ciwon da mutum ya shigo da shi, irin hawan jini da suga, akwai jira a kansa. Akwai iyakar kuɗin da za a kashe maka a shekara, in ka kai ta shi ke nan. Sannan shekarun Hajiya sun wuce waɗanda ƙaramin tsarin yake karɓa. Wato wadda ta fi kowa buƙatar likita a gidan ita ce ba za a ɗauka ba. Ba yaudara ba ce, komai a rubuce yake, kuma yawancin tsare-tsarensu masu araha haka suke. Mai ƙarfin ɗaukar babban tsarinsu zai ji daɗi, ba dogon layi, ba ɗaga murya. Ni ƙarfina bai kai nan ba.

Rajista ba ta da wuya. Lambar NIN ta kowa, a biya ta Remita, a je ofishin hukumar a ɗauki hoto, ka zaɓi asibiti da kamfanin HMO, wato kamfanin da ke shiga tsakanin hukumar da asibitinka. Da aka fara tsarin naira 15,000 ne a kan kowane kai a shekara, mai shiga shi kaɗai kuma ya biya 45,000 ya haɗa da mutum biyu. An ƙara kuɗin sosai tun daga lokacin, saboda haka a tambayi na yau a ofis kafin a yi lissafi. Da yake kai-kai ake biya, mai mata biyu da yara goma zai iya sa kowa in aljihu ya yarda, saɓanin tsarin ma'aikata da ya tsaya kan mace ɗaya da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Kuma ba ranar da ka biya kake fara zuwa asibiti ba, sai sunanka ya fito a rajistar da ake aika musu. Wanda ya bari sai cikin matarsa ya tsufa sannan ya ruga, ya makara.

Yanzu ga maganar asibiti, inda duk abin yake. Asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi a kanka duk wata, ka zo ko ba ka zo ba. Daga cikin kuɗin nan zai duba ka, ya yi maka ƙananan gwaje-gwaje, ya ba ka magani. Fiye da shekara 10 kuɗin yana naira 750, magani kuwa yana ta tashi, sai a 2024 aka fara ƙara shi, a 2025 aka kai shi 1,450. Wanda ya gane wannan lissafin ya gane dalilin da wasu asibitoci ke haɗe rai in sun ga mai kati, da dalilin da kalmar "babu" ta yi yawa a tagar magani. Asibitin da ke da dubban masu kati kuɗin yana taruwa masa, yana iya ajiye magani. Wanda ke da 'yan ƙalilan, kai nauyi ne a wurinsa.

Abin da na yi kafin in zaɓa, na je asibitocin da ke kusa da mu da safe, na zauna a benci kusa da teburin masu inshora kamar mai jiran layi. Matan da ke zaune da goyo su ne suka fi kowa sanin gaskiyar wuri. Na tambayi wata dattijuwa, "Baba, ana ba ku magani a nan kuwa, ko rubutawa ake yi?" Ta buɗe ledarta ta nuna mini, ta ce, "Ɗana, yau dai ga shi an ba ni. Amma ka zo da wuri, in rana ta take sai ka ji ya ƙare." A wani asibitin kuwa, duk wanda ya fito da farar takarda yake tsallaka titi zuwa kemis. Ban tambayi kowa komai ba a can. Sauran abin da na duba: ko likita yana kwana, ko ɗakin gwaji nasu ne ko aikawa suke yi, da ko Keke Napep zai kai ni cikin dare ba tare da na ratsa gari ba.

Daren da zazzaɓi ya rufe autarmu a tsakiyar damina ne na ga amfanin wannan zaman benci. Jikinta kamar wuta, tana amai. Nas ɗin ta karɓi katin, ta duba rajista da fitilar waya don an ɗauke wuta ba a kai ga tayar da janareta ba, ta ce, "Malam, sunanta na nan, ku shigo da ita." Ba a ce in ajiye ko sisi kafin a taɓa ta ba. Aka ɗebi jini, maleriya ce, aka yi mata allura aka sa ruwa, muka kwana. Da safe abin da na biya kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin magani, yadda ƙa'idar take: maganin naira 6,000, naka 600. Kuɗin gado, ganin likita, gwaji, babu wanda aka tambaye ni. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai karɓar kuɗi da yaro a kafaɗa yana kiran 'yan'uwa a waya, ya san darajar wannan.

Inda abin yake gajiyar da mutum shi ne in ciwo ya fi ƙarfin asibitinka. Sai an rubuta maka takardar turawa, sannan kamfanin HMO ya ba da lambar izini kafin babban asibiti ya karɓe ka a kan inshora. Da idon Hajiya ya fara hazo aka tura mu wurin likitan ido, mun yi zaman jiran lambar nan tun hantsi har aka kira la'asar. Yaron da ke teburin yana ta kira ba a ɗauka, Hajiya tana cewa, "Kai dai biya mu tafi, ƙafata ta sage." Ban biya ba, don in ka biya da hannunka, dawo da kuɗin wani dogon zance ne. A 2025 hukumar ta ba kamfanonin umarnin su riƙa fitar da lambar cikin awa ɗaya. Tun daga nan nake riƙe da lambar wayar kamfanina da ta ofishin hukumar, in an wuce awa ni ma in kira, kuma na ga kira daga mai kati yana motsa su. Kamfanin HMO ba ya ba ka magani, amma saurin ɗaukar wayarsa shi ne bambancinsa da wani. A tambayi ma'aikacin teburin inshora na asibiti wane kamfani ne ba ya wahalar da su, zai faɗa da ƙaramar murya.

Maganin hawan jinin Hajiya ma da ɗan rikici. Tsarin yana da jerin magungunansa, ba mai tsadan nan na kamfanin waje da ta saba da kwalinsa ake bayarwa ba. Likita ya ce sinadarin ɗaya ne, awon jininta ma ya nuna haka, amma sai da aka yi da gaske ta yarda da ƙwaya fara a madadin mai ruwan hoda. Wani watan kuma a ce ya yanke, in saya a waje da kuɗina.

Kada kuma a ɗauka komai aka ɗauke wa mutum. Manyan hotuna irin CT da MRI rabi ake biya maka, rabi naka. Wankin ƙoda 'yan zama kaɗan ne, ba na mai yi duk mako ba. Dashen ƙoda da dashen ciki ba sa ciki sam. Kwanciya a gado ma tana da adadin kwanaki a shekara. Tsarin na ciwon yau da kullum ne: zazzaɓi, taifod, gudawar yara, awo, haihuwa har wadda sai an yi aiki, tiyata irin ta afendis da ƙaba, hawan jini da suga.

Wani abokina a kasuwa ya ce shi bai ga dalilin biyan kuɗin ciwon da bai zo ba, in shekara ta ƙare lafiya lau an cinye masa. Ni kallon adashi nake yi masa, wanda kwasarsa ke faɗawa kan wanda ciwo ya kayar, kuma kowa roƙo yake kada ta faɗo kansa. Mai shakka ta fuskar addini ya zauna da malaminsa, ni na zauna da nawa kafin in biya.

Mai ƙaramin ƙarfi da ba ya fita jihar, ya fara leƙa KADCHMA. Mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu buƙata ta musamman su tambaya a asibitin mazaɓarsu ko akwai gurbi a asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada, don na marasa hali ne kuma ba a biya. Wanda ya shiga GIFSHIP ya ga asibitinsa bai yi masa ba, ana iya canzawa bayan wata shida, a ofishin hukumar ake cika takardar. A kuma sabunta tun kafin shekarar ta cika, don in aka bari ta yanke sunan mutum yana fita daga rajistar asibiti.