Tayil mai ƙyalli ko mai kaushi: abin dubawa kafin a biya kuɗi

A shagunan kayan gini na Birnin Kebbi, tayil ɗin da ake jerawa a bakin ƙofa kusan kullum mai ƙyalli ne, wanda kake ganin fuskarka a ciki. Mai kaushi yana can ciki a jingine. In ka yi maganar santsi, sai mai shago ya shafa shi da tafin hannu ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji, wannan ba ya kayar da mutum." Amma busasshen tayil ba ya faɗin gaskiyarsa. Sai ruwan alwala ya zuba, ko kumfar sabulu ta kwanta, sannan ake sanin halinsa, kuma galibi tsoho ko mai juna biyu ne ke fara ji a jikinsu.

Mai ƙyalli ya dace da falo da ɗakin kwana, inda ruwa ba ya zama, kuma gogewarsa ba wuya. Marar ƙyalli ya fi shi riƙe ƙafa, shi ya sa na fi son sa a kicin da baranda. Mai kaushi sosai shi ne na banɗaki da wurin alwala da tsakar gida, sai dai yana riƙe datti, ƙurar hunturu ma tana shiga cikin zanensa, dole sai da buroshi. Tarazo da daɓen siminti suna da ƙarko, amma in aka goge su suka yi sumul, santsinsu a jiƙe bai gaza na mai ƙyalli ba.

A jikin wasu kwalaye za ka ga R9, R10, har zuwa R13. Wannan ma'aunin Jamus ne, DIN 51130. Ana shimfiɗa tayil a kan wani dandamali, a shafe shi da man inji, mutum ya sa takalmin aiki ya riƙa tafiya gaba da baya ana ɗaga dandamalin a hankali har ya zame. Karkatar da ya zame a kai ita ce lambar: R9 daga digiri 6 zuwa 10, R10 har 19, R11 har 27, R12 har 35, R13 abin da ya haura. Wato R9 shi ne matakin ƙasa, bai kamata a kai shi inda ake jiƙa ƙasa ba, duk da ana tallarsa da sunan marar santsi. Tazarar R10 kuma tana da faɗi, tayil biyu na iya ɗaukar lambar alhali ɗaya ya kusa ninka ɗaya a riƙo.

Babbar matsalar ita ce, wa ke shiga banɗakinsa da takalmin ma'aikata a kan man inji? Mu ƙafa ce tsirara ko silifas ɗin roba, da ruwa da sabulu. Gwajin da ya yi daidai da wannan shi ne DIN 51097, wanda ake yi ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil mai ruwan sabulu. Sakamakonsa harafi ne: A daga digiri 12, B daga 18, C daga 24. Ga wurin wanka, nemi B aƙalla. Kwamitin masallacin da zai gyara wurin alwala, inda ƙasa ba ta bushewa daga asuba zuwa isha'i, ni dai C zan ba su shawara.

A Ingila kuwa na'urar lilo suka fi yarda da ita. Wani hannu ne mai roba a ƙarshensa, ana sakinsa ya share fuskar tayil, a karanta yadda tayil ɗin ya rage masa gudu. Lambar da aka karanta ita ake kira PTV. Daga 36 zuwa sama haɗarin zamewa kaɗan ne, 25 zuwa 35 matsakaici, 24 zuwa ƙasa babba. Fifikonta shi ne ana ɗaukarta a kai ta kan daɓen da aka riga aka shimfiɗa. In ka ga lambar PTV a takardar kaya, tambayi ko a jiƙe aka auna, domin a bushe kusan kowane tayil yana cin jarrabawa.

Su ma ma'aunan ba a rungume su ido rufe. A Amurka an daɗe ana dogaro da ASTM C1028, wanda ke auna ƙarfin da ake bukata a motsa abin da ke tsaye cik, alhali mai tafiya ne ke zamewa. An janye shi a 2014. Wanda suke amfani da shi yanzu yana neman lambar riƙon ƙafa ta kai aƙalla 0.42 ga daɓen cikin gida da za a taka a jiƙe, kuma masu shi da kansu ba su ce wannan lamba ta lamunce wa kowa ba zai faɗi ba. Tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, a kwali abu ne mai kyau, amma ba ya nuna matakin santsi. Lambar PEI da ake gani a kwali kuma tana nuna yadda fuskar tayil ke jure cinyewa ne, kada a haɗa maka ita da ta santsi.

Duk waɗannan lambobi a kan sabon tayil aka samo su. Takun jama'a da yashi suna cinye kaushin, maiƙon girki da ragowar sabulun da ba a ɗauraye ba suna cike shi.

Don haka kafin ka sayi kwali talatin, sayi guda ɗaya-ɗaya na irin biyu ko uku da ka ware. Ajiye su a ƙasa inda ba za su motsa ba, zuba ruwan sabulu, ka dafa bango, ka tura diddige a kai, da silifas da kuma ba takalmi. Ga banɗaki, ƙananan tayil sun fi manya, saboda layukan siminti da ke tsakaninsu suna ƙara riƙo. Ka kuma tsaya a kan mai sa tayil ya ba daɓen gangara zuwa magudana, ka zuba bokiti ɗaya ka ga ruwan ya wuce kafin ka sallame shi.