Keto, Awa 16 Ba Ci, ko Farantin Bahar Rum: Wanne Za Ku Iya Riƙewa Har Shekara?

Sau uku na rage ƙiba a rayuwata, sau biyu ta dawo har da ƙari. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wane tsarin cin abinci ya fi, ba na fara jin kilo nawa yake son zubarwa. Tambayata ɗaya ce: wannan abincin da za ka fara ranar Litinin, za ka iya cinsa bayan wata goma, ranar da ka dawo a gajiye, ga baƙi, ga yara suna jiran a zuba musu? In amsar a'a ce, ajiye shi tun yanzu.

Ba son raina kaɗai ba ne. A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Christopher Gardner, suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 609 na tsawon shekara guda. Rabi aka ce su rage maiƙo, rabi su rage sitaci. A ƙarshe masu rage maiƙo sun zubar da kimanin kilo 5.3, masu rage sitaci kilo 6. Bambancin bai taka kara ya karya ba. A cikin kowane rukuni kuwa akwai wanda ya zubar da fiye da kilo 20, akwai wanda ƙaruwa ma ya yi. Abin da aka haɗa su a kai gaba ɗaya shi ne yawaita ganye, da rage sukari da farar fulawa. To in sunan tsarin ba shi ne maganin ba, sai mu duba wanda jiki da rai za su iya ɗauka.

Keto shi ne na fara yi, kuma shi ya fi kowanne iya yaudarar ido. Asalinsa ma ba don ƙiba aka ƙirƙiro shi ba, likitoci ne suka fito da shi a shekarun 1920 don yara masu farfaɗiya. Ana rage sitaci zuwa ƙasa da giram 50 a rana, wato ba shinkafa, ba burodi, ba dankali, yawancin 'ya'yan itace ma an hana. A makon farko sikeli ya nuna mini kilo 3 sun tafi, har da rawata a ɗaki. Ashe jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka tare da ruwa, kowane giram ɗaya yana riƙe da wajen giram uku na ruwa. Da ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi fitsari. Kitsen yana nan daram. Na yi wata huɗu ina girki biyu, nawa daban na gida daban, ga taurin bayan gida, ga warin baki da ba ya jin buroshi. Ranar da na karya, farantin taliya ɗaya ne, amma daga nan ban sake tsayawa ba. Cikin rabin shekara an gudu ba a tsira ba. Masu ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin kada su taɓa shi sai da likita, don sukarinsu na iya faɗuwa ƙasa warwas.

Tsarin 16:8, a ci abinci cikin awa 8 a bar ciki awa 16, ba shi da laifi ga wanda dama cin dare ne matsalarsa. Sai dai wani gwaji da aka yi a Guangzhou ta ƙasar Sin, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa idan adadin abincin ɗaya ne, ƙayyade lokacin bai ƙara wani abin kirki ba bayan shekara. Agogo ba ya ƙona kitse.

Shan ruwan 'ya'yan itace zalla na kwana bakwai wai don "wanke jiki"? Aikin hanta da ƙoda ne, kuma kyauta suke yi. Ƙidayar kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, da manhajar waya tana da amfani na mako biyu ko uku, don mutum ya ga inda ɓarnar take, amma ban taɓa ganin wanda ya shekara yana auna kowace loma ba.

Wanda na tsaya a kai, yau shekara ta huɗu, shi ne tsarin mutanen Bahar Rum, na haɗa shi da dabarar raba faranti. Ba wani sirri a ciki. Rabin faranti ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu kifi ko wake ko ƙwai ko kaza, ragowar kashin hatsi wanda ba a cire masa dusa ba. Mai ɗan kaɗan, na zaitun in an samu. Gyaɗa ko makamanciyarta cikin tafin hannu idan yunwa ta taso tsakanin abinci. Jan nama jifa-jifa. Lemon kwalba kuwa shi na fara sallama, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce wajen giram 25 a rana, ƙaramin cokali shida ke nan, alhali gwangwani ɗaya na lemo ya riga ya haura haka.

Abin da ya sa na fi son shi, bai kori komai daga tukunya ba, gwargwado kawai ya sauya. Tukunya ɗaya muke ci da iyalina, bambancin yana hannun mai zubawa. Kuma ciki yana cika. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don yunwa ce ke kashe kowane tsari. A 2019 Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya ajiye mutum 20 wata guda, mako biyu suna cin abincin kamfani da aka sarrafa sosai, mako biyu suna cin wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana ba su ma sani ba, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma ya ragu da kusan haka. Ba wanda ya ce musu su daure.

Ga kuma zuciya. Babban gwajin PREDIMED a Sifaniya, mai mutum fiye da 7,000, ya nuna raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin ɗari ga masu bin wannan tsari da man zaitun ko makamantan gyaɗa. An samu kuskure a yadda aka raba wasu mahalarta, aka janye rahoton, aka sake lissafi a 2018, sakamakon ya fito kusan yadda yake.

Aibin wannan tsari ɗaya, ba ya sauri. Rabin kilo a mako, wani makon ma sikeli ya ƙi motsi. Amma a babban gwajin rigakafin ciwon sukari na Amurka da aka wallafa a 2002, burin da aka sa wa mutane rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu ne kawai, da motsa jiki na minti 150 a mako, kuma haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58. Mai kilo 90, kilo 6 da ɗoriya ke nan. Saurin da ake nema ma yana da nasa sharri, don ramewar gaggawa na haifar da tsakuwa a maɗaciya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai. Karo na biyu da na "rame", shayin rage tumbi ne na saya a intanet, wajen wata mai hotunan "kafin" da "bayan". Kofi ɗaya da dare, ƙarfe uku na dare ina hanyar banɗaki, ciki na murɗawa kamar ana matse tsumma. Na ce ai aiki yake yi. Kwana goma sha biyu, ƙafafuna suka fara ɗaurewa, zuciya na bugawa ba tsari. Likitar da ta duba ni ta juya kwalin, ta sa yatsa a kan wani ƙaramin rubutu, ta ce, "Hajiya, wannan sanna ce, dangin filasko. Ba kitse kike zubarwa ba, ruwan jikinki ne da gishirinsa." Gwajin jini ya nuna fotasiyam ɗina, wani gishirin jiki da zuciya ke buƙata, ya yi ƙasa. Mai shayin da na yi mata magana, toshe ni ta yi.

Kuma ni na yi sa'a, nawa an rubuta abin da ke ciki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba masu tambarin "ganye zalla", alhali tun 2010 aka janye wannan magani a Amurka da Turai saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Akwai ƙwayar DNP, sinadarin masana'anta, mai sa jiki ya yi zafi har ya kashe mutum, ba ta kuma da makari. Har yau ana tallanta a ɓoye.

Allurar semaglutide, wato Ozempic da Wegovy, magani ne na gaskiya. A gwaji mutane sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu cikin mako 68, amma waɗanda suka daina sun mayar da wajen kashi biyu cikin uku a shekara guda. Ta likita ce, ba ta 'yan talla ba. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da ta jabu, wadda ake zargin insulin aka ɗura a ciki, a 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Barazil da Birtaniya da Amurka.

Don haka duk mai cewa kilo 10 cikin kwana 10, ko "ci abin da kake so", ko sai ka biya kafin a faɗa maka abin da ke cikin kwalbar, ko ka kawo mutum uku a rage maka kuɗi, wuce kawai. Hoton "kafin" da "bayan" kuwa, ku lura da kyau: a na farko an saki ciki an sunkuya, a na biyu an ja numfashi an gyara haske. Ni da kaina na gwada a gaban madubi, minti biyu ya ɗauke ni.